Askar Surukina Da Hoton Kaina

Sallama gare ku 'yan uwa masu karatu. Wadda take cin abinci ta ɗan ajiye cokali, don maganar hanci zan yi yau, kuma ba zan sakaya ba. Sunana Adawiyya, haifaffiyar Dutse, can gindin duwatsu. Abin da zan ba ku ya faru ne a shekarun da aka ƙaddamar da shari'a, lokacin da wayar hannu ta fara shigo mana gari, mai ita sai ya hau tudu yana ɗaga hannu sama kafin saƙo ya tafi.

Tun ina yarinya ƙofar hancina ta hagu a toshe take. In kika haska tocila za ki hango wani nama can ciki, sumul, toka-toka, yana zaune abinsa. Ba ya ciwo. Abin da yake min kawai, in na sunkuya sai ruwa ya ɗigo, fari tas, ba majina ba, in kuwa ya bi ta maƙogwaro in ji gishiri-gishiri. Ga shi ɗinki nake yi, wuni nake a sunkuye kan keke, don haka hannuna na hagu bai rabuwa da hankici. Akwai ranar da ya ɗiga a kan shaddar wata hajiya, na dubi idonta na ce gumi ne, Allah Ya yafe min. A gidanmu an saba, "murar Adawiyya" ake ce masa, har ƙannena in sun so tsokana sai su ce famfo ya kawo ruwa.

Sagiru bai taɓa damuwa da shi ba. Malamin firamare ne a Kiyawa, dogo, mai sanyin magana kamar an roƙe shi ya yi ta. Ya ce shi muryata ta hanci ce ma ta fara kama shi, in na ce "sannu da zuwa" sai ya ce in maimaita, bai ji ba. Ƙarya yake, ya ji sarai. Shi ya saya min 'yar wayar da nake riƙewa, ta hannu ce, an ɗaure bayanta da roba, amma a unguwarmu ni ce budurwa ta farko da ta riƙe waya, kuma na yi yangar hakan son raina.

To, mahaifin Sagiru wanzami ne. Kuma ba kowane wanzami ba, shi ne wanzamin gidanmu tun zamanin kakana. Shi ya yi min askin suna, shi ya cire min belu ina jaririya, shi ya yi wa yayyena kaciya. Sunansa ba zai fito daga bakina ba, ko a rubuce, ku yi min uzuri, Baba zan riƙa ce masa. Tun da aka fara maganar aurena da ɗansa, in na ji sallamarsa a zaure ɗaki nake shigewa. In ta kama dole, in durƙusa daga nesa, kai a ƙasa, "ina kwana" in tashi. Iyakar abin da ke tsakanina da shi ke nan, kuma kun san haka ake yi da suruki.

Matsalar ta fara ne ranar da aka kawo kayan sa rana. Gwaggo Zinariya ce ta jagoranci matan, ƙanwar Baba ce, mace mai ido kamar na mai tsintar shinkafa. Na sha kwalliya, atamfa ruwan ganye, ɗaurin ture-ka-ga-tsiya, na ɗauko faranti na durƙusa a gabanta. Ina sunkuyar da kai, ɗis! A kan cincin.

"Ikon Allah," in ji Gwaggo Zinariya, tana janye ƙafarta. "Amaryar da za a kai mana ke nan, tana yoyo? Ɗago in gani." Ta kama haɓata ta leƙa. "Ai tsiro ne. Wannan ne kuka zauna da shi shekara da shekaru, ga Yaya da askarsa?"

Ba a yi sati ba Baba ya zo wurin Abbanmu da kansa. Ina bayan ƙyaure ina ji. Ya ce, "Alhaji, yarinyar nan 'yata ce kafin ta zama suruka. Irin wannan tsiron na cire shi ba adadi. Ka bar min, kyautar aurenta ke nan daga gare ni, ta shiga ɗakinta da hanci lafiyayye." Abba ya yi ta godiya. Suka tsayar da ranar Asabar da hantsi. Ni ma, kada in yi muku ƙarya, murna na yi. Wace budurwa ce take son shiga ɗakin miji da tsumma a hanci?

Ranar Talata na raka Ummanmu asibiti a nan Dutse, awon hawan jini. Likitan, Dakta Ashafa ake ce masa, yana rubuta mata magani, ni kuma na sunkuya ɗauko mata takalmi. Da na ɗago na ga ya daina rubutu, ni yake kallo.

"Mura kike yi?"

"A'a likita, haka yake tun ina ƙarama."

"Ta ɓangare ɗaya kawai?"

"Eh."

Ya ce in hau gado. Ya haska, ya daɗe yana kallo. Sai ya sa yatsu ya danna min gefen wuya, dama da hagu, yana ci gaba da leƙawa, na ji hancin ya ƙara cikewa kamar ana hura shi. Ya saki. Ya ce, "Kin taɓa yin sanƙarau?"

Umma ta karɓe. "Sau biyu. Na farko shekarar da ya yi ta ɗibar mutane. Na biyun kuma da damina ne, ita kaɗai ya kama a duk unguwa, har muna mamaki."

Ya zauna a hankali. "Hajiya, akwai wanda ya taɓa gwada cire naman nan?"

"Ai ranar Asabar za a cire, in sha Allahu. Surukinta ne ma, wanzami."

Wallahi na ga fuskar likita ta canza. Ya ajiye tocilar ya ce, "Hajiya, ki saurare ni da kyau. Kada aska ta taɓa shi. Kada allura ta taɓa shi. Ko ni nan ba zan tsinke shi ba. Ba na ce na san mene ne ba, mai yiwuwa tsiro ne kamar yadda kuka ce. Amma akwai wani abu da yake kama da tsiro, alhali daga sama yake saukowa, daga cikin kai. Ido ba ya raba su. Sai an ɗauki hoton cikin kanta da na'ura, kuma ba mu da ita a nan, sai Kano."

"Daga cikin kai kamar yaya?" na tambaya.

"Ki je a yi hoton tukuna," ya ce. "Kafin Asabar."

Da muka dawo Umma ta gwada yi wa Abba maganar, yana shirin tafiya Miga ta'aziyyar wani amininsa. Ko gama zancen bai bari ta yi ba. "Haba Mu'minatu! Mutumin da ya riƙe kan yarinyar nan tana kwana bakwai a duniya, yau yaron likita ne zai koya masa hancinta? In je in ce masa me? Na fasa, ban yarda da hannunka ba? Sannan gobe in miƙa masa 'ya?" Ya saɓa babbar rigarsa ya ce sai Asabar da safe zai dawo, ta Kiyawa zai biyo su taho tare da Baba. Abba ba shi da waya a lokacin, cewa yake kayan yara ne.

Da yamma saƙon Sagiru ya shigo: "Amarya, an ce tsoro kike ji. Kwantar da hankalinki, hannun Baba ba ya rawa. Tun jiya yake wasa askarsa saboda ke."

Na karanta na kifa wayar a kan keke. Na san da zuciya ɗaya ya rubuta, alfahari yake da ubansa, kuma ya cancanci a yi alfahari da shi. Amma "wasa askarsa" ɗin nan ya tsaya min a rai. Na rubuta masa, "Allah Ya saka wa Baba da alheri."

Umma ce ta yanke shawara. Ta buɗe adakarta ta ciro abin da take tarawa don kayan ɗakina, ta ce wa maƙwabta Kantin Kwari za mu sayen labule. Ranar Alhamis da sassafe muka shiga mota, mata a baya maza a gaba kamar yadda aka koma yi a lokacin, na zumbula hijabi har ƙasa, hankici a dunƙule a hannu.

Ɗakin hoton nan ba zan manta da shi ba. Sanyi kamar cikin randa. Wata nas ta ce in cire ɗan kunne, sarƙa, da duk wani ƙarfe da ke kitsona. Na cire hijabi ina jin kunyar wani mutum da ke zaune a bayan gilashi, ta ce, "Ba ke yake kallo ba, ƙashinki yake jira." Na'urar kuwa wani ƙaton zobe ne fari, da siririn gado da ke shiga cikinsa. Suka kwantar da ni, suka ɗaure min goshi da maɗauri. Nas ta sa min allura a hannu ta ce zan ji ɗumi ya bi jikina, kada in tsorata, ruwan ne zai sa hoton ya fito sosai.

"Kada ki motsa. Kada ki haɗiyi yawu."

Gadon ya fara tafiya da ni. Ɗumin ya taso daga hannu ya bi ƙirji har ƙasa, bakina ya yi ɗanɗanon ƙarfe. Abu ya fara juyawa a kaina yana gurnani. Ga ruwan nan ya gangaro maƙogwarona, gishiri-gishiri, an ce kada in haɗiya. Na runtse ido ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, har da ta shiga kasuwa. A raina ina cewa, ya Allah Ka sa tsiro ne, Ka sa mu yi asarar kuɗin labule a banza, in koma gida Baba ya cire abinsa a yi dariya.

Sai bayan azahar aka kira mu. Likitar hoton dattijuwa ce mai farin gilashi. Ta manna wata baƙar leda mai faɗi a jikin fitilar bango, sai ga ƙananan hotuna jere-jere, kaina ne aka yanka shi fala-fala kamar yankan albasa. Ta ɗauki biro ta nuna.

"Kun ga wannan farin layin? Ƙashi ne. Shi ne rufin hanci, shi ne kuma daɓen da ƙwaƙwalwa take zaune a kai. Ku bi shi ta dama, ga shi nan a haɗe. Yanzu ku bi shi ta hagu."

Na bi biron da ido. Farin layin ya zo, ya zo, sai ya yanke. Wani ɗan gurbi baƙi, sannan ya ci gaba.

"Nan ƙashin bai haɗe ba, mai yiwuwa tun tana ciki. Wannan toka-tokan da kuke gani a sama ƙwaƙwalwa ce. Ku duba yadda ya zuro ta ramin, ya sauko nan." Biron ya gangara har cikin hancina. "Abin da kuke gani da tocila ke nan. Jaka ce ta rigar ƙwaƙwalwa, da ɗan gutsurenta a ciki. Ruwan da yake ɗiga kuma ruwan da ƙwaƙwalwa take kwance a cikinsa ne. Ta nan ciwon sanƙarau yake samun hanya."

Umma ta dafe bango tana salati. Ni kuwa hannuna ne ya tafi hancina da kansa, sai na tsorata na sauke.

"Likita," na ce, "in aka yanke fa?"

"Wa zai yanke?"

"Wanzami."

Ta cire gilashinta. "'Yata, in aka yanke shi a tsakar gida, an buɗe ƙofa ke nan har cikin kanki. Jini, ko ruwan ya tsiyaye, ko ƙwayar cuta ta shige kai tsaye. Ba na jin za a iso da ke nan." Ta ce akwai aiki, likitocin ƙwaƙwalwa ne suke yi a ɗakin tiyata, su cire gutsuren da ya sauko su toshe ramin, kuma ana dacewa. Za su tura ni wurinsu, wataƙila su nemi wani hoton da ya fi wannan nuna nama. Ta sa ledar a babbar ambulan ta miƙo min. "Ki nuna wa duk wanda ya ce zai taɓa ki."

A mota, muna wuce Wudil Umma ta juyo gare ni. Sannan ta matso bakinta daf da kunnena.

"Hoton nan ba mai ganinsa sai Abbanku."

"Umma, likita ta ce..."

"Na ji abin da ta ce. Ke kin san mutanenmu? In aka ji kalmar ƙwaƙwalwa, an gama. Ba wanda zai tsaya jin rami ne ko ƙashi ne. Cewa za a yi taɓin hankali gare ki, gadonsa ake yi. Zinariya kaɗai ta isa ta kai shi har Kafin Hausa kafin magariba. Sagiru zai tafi, kuma ƙannenki mata ma ba mai leƙo su."

"To Asabar fa?"

"Zazzaɓi kike yi. Ki kwanta ki ja bargo. Abbanku na shigowa zan ja shi ɗaki in nuna masa, shi ya san yadda zai lallaɓa Baba. A ɗaura aure tukuna, in kin shiga ɗakinki sai a yi aikin a ce na hanci ne."

Ku gaya min gaskiya, ke da kike karantawa, me za ki ce? Uwata ce, kuma ba ƙarya ta faɗa ba. Ina son Sagiru, son da ban taɓa faɗa wa kowa girmansa ba. Na tura ambulan ɗin ƙarƙashin katifa, na wuni Juma'a ina taka keke ba tare da na san me nake ɗinkawa ba. In na ji ruwan zai ɗigo sai gabana ya faɗi, abin da na shekara ashirin ina sharewa ba tunani.

Asabar da hantsi na ji ƙarar babura a ƙofar gida. Na ja bargo har ka. Sai sallamar Abba, sai ta Baba, sai wata murya da ba mu sa da ita ba.

"Ina amaryar? Ni zan riƙe kan, uwa ba ta iya wannan."

Gwaggo Zinariya. Sagiru ne ya goyo ta, shi ya tsaya a zaure.

Umma ta tari Abba da sauri. "Alhaji, ɗan zo ɗaki, magana ce."

"Bari a gama tukuna, Baba na da wani aikin a gaba."

"Ai yarinyar zazzaɓi ta kwana da shi, na ce ko a ɗaga..."

"Zazzaɓi?" Muryar Baba ce, a natse. "Ai tsiron ne yake kawo shi. Gara a raba ta da shi yau, ta huta. Fito da ita, Hajiya, ba zai kai shan ruwa ba."

"Alhaji, don Allah, minti ɗaya..."

"Mu'minatu!" Abba ya daka mata tsawa. "A gaban baƙi?"

Gwaggo Zinariya ta ɗaga labule ta shigo, ta yaye bargon, ta taɓa goshina. "Wane zazzaɓi? Jiki sanyi ƙalau. Tsoro ne. Tashi, 'yar nema, mu da aka yi mana tsaga ba mu mutu ba."

Ta ja hannuna har tsakar gida. An kifa turmi a gindin darbejiya, an ajiye kaskon toka da ƙwaryar ruwan ɗumi. Baba na zaune a kan buzu, ya buɗe zabirarsa, ya jera kayan aiki a kan farin ƙyalle: aska, da wata 'yar siririyar ƙugiya irin wadda yake cire belu da ita. Na dubi Umma. Tana tsaye a ƙofar madafa. Idonta na kan Gwaggo Zinariya. Na gane tana auna abu biyu ne, kuma kowanne ta ɗauka ni ce zan biya.

Aka zaunar da ni a kan turmin. Gwaggo ta tsaya a bayana, ta kama kaina da hannu biyu ta kwantar a cikinta, ƙamshin turarenta ya cika min hancin dama. Baba ya matso a kan gwiwa. Ban taɓa ganin fuskarsa kusa haka ba, furfura ta cinye gemun, idonsa cike da tausayi.

"Bismillahi. Rufe ido, 'yata. Buɗe baki ki yi numfashi ta nan."

Babban yatsansa ya ɗaga kan hancina. Na ji sanyin ƙarfe ya taɓa bakin ƙofar.

"Baba, kada ka yanka!"

Ban san da wace murya na faɗa ba. Na riƙe wuyan hannunsa gam, hannun surukina, ni da ko inuwarsa ba na takawa. Ƙugiyar ta faɗi a cinyata.

"La'ilaha illallahu!" Gwaggo ta saki kaina. "Hannunsa kika kama? Yau na ga rashin kunya!"

"Adawiyya!" Abba ya yo kaina.

Na zille na faɗa ɗaki, na ɗaga katifa, na fito da ambulan ɗin. Umma ta ce, "Adawiyya, a'a," a hankali, kamar mai roƙo. Na wuce ta. Na durƙusa a gaban Baba, na zare ledar, na ɗaga ta saitin rana.

"Baba, ka gafarce ni. Kano muka je, ba labule muka saya ba. Hoton cikin kaina ne wannan. Ka ga farin layin nan, ƙashi ne. Ka ga inda ya yanke. Abin da ke hancina ta nan ya sauko. Ba tsiro ba ne, Baba. Ƙwaƙwalwata ce."

Baba ya karɓi ledar da hannu biyu. Ya juya ta, ya sake juyawa, ya bi inda na nuna da farcensa. Ban san abin da ya gani ba, bai saba da irin wannan ba. Ya ajiye ta a kan buzu.

"Ɗaga kanki," ya ce. Na ɗaga. Ya juya fuskata wajen haske, bai ɗauki komai ba, ido kawai. "Riƙe numfashi. Yi nishi kamar mai ɗaga tulu."

Na yi. Na ji hancin ya cike. Ya daɗe yana kallo, ya daɗe sosai.

"Yana harbawa," ya ce, ba da kowa yake ba. "Yana harbawa kamar maɗigar jariri." Sai ya koma da baya ya zauna daɓas a ƙasa, ba a kan buzun ba. Ya dubi hannunsa na dama. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Alhaji, da yanzu ina wanke hannuna da jinin 'yarka."

Umma ta sulale a bakin madafa ta fashe da kuka. Na ɗauka an gama, har na fara sauke ajiyar zuciya.

"Ƙwaƙwalwa?" Gwaggo Zinariya ta tafa hannu. "Ƙwaƙwalwa ce take zubowa ta hanci? Shekara da shekaru tana tsiyaya? To me ya rage a ciki? Ashe shi ya sa ta kama hannun suruki! Kuma kun sani, Mu'minatu, kun sani kuka ɓoye, zazzaɓi kuka ce, so kuke ku liƙa mana mai taɓi mu haifi irinta!"

"Zinariya, ya isa," in ji Baba.

"Bai isa ba, Yaya! Wallahi bai isa ba. Za mu aiko a kwashe mana kayanmu."

Baba bai tanka mata ba, kuma bai ƙaryata ta ba, wannan ne ya fi yi min ciwo. Ya naɗe ƙyallensa da askar a ciki, ya rataya zabira. Da ya zo wucewa ta gabana ya tsaya. "Allah Ya yi miki albarka, kin cece ni." Ya fita. Na jiyo ƙarar babur ɗin Sagiru ya tashi. Duk abin da aka yi yana zaure, labule kawai ke tsakaninmu, ya ji komai. Bai leƙo ba.

Maganar Umma ba ta faɗi ƙasa ba. Kafin azahar hajiyar da nake yi wa ɗinki ta aiko a karɓar mata atamfarta ko ba a gama ba. Maƙwabciyarmu ta shigo aron rariya, ta tsaya tana min magana a hankali, kalma ɗaya-ɗaya, kamar mai lallashin yaro. Ƙanwata ta dawo daga islamiyya tana kuka, ta ƙi faɗin abin da aka ce mata. Abba ya shige ɗaki da ledar hoton, na hango shi ta taga ya ɗaga ta sama yana kallo, yana goge ido da hannun riga. Umma kuwa ba ta yi min faɗa ba. Ruwa ta kawo min a kofi ta ce, "Sha. Da na bari an kashe ki ina kallo." Na ce, "Umma, ba ki bari ba." Mu biyu mun san ba haka aka yi ba.

Na zauna a kan keke da wayar a gabana. Na duba ta, na kashe, na kunna, na fita tsakar gida inda sabis ya fi kamawa. Ba komai. Haushi ya fara cin tsoron da ke raina. Ni da na tsallake aska, shi ko "sannu" ba zai iya ba? In tafiya zai yi ya faɗa min da bakinsa, ba sai Gwaggo ta turo a ɗauki akwati ba.

Ana kiran la'asar wayar ta yi ƙara. Sai da na goge tafin hannuna a zane kafin na buɗe.

"Adawiyya, Baba bai ci abinci ba, yana ta istigfari. Gwaggo ta tara mutane, sun ce in janye. Ban ba su amsa ba. Abu ɗaya nake so ki gaya min tsakaninki da Allah. In likitoci suka cire wannan gutsuren, za ki farka kin san ni?"

Na karanta har sau nawa ban sani ba. Duk tambayoyin da na yi wa likita, wannan ban yi ta ba, ko zuwa kaina ba ta yi ba. Na rubuta "eh", na goge, don ban sani ba, kuma na gaji da ƙarya a satin nan. Na rubuta "ban sani ba", na goge, don na san Gwaggo na zaune kusa da shi tana jiran wannan.

Hawaye ya sauko ya haɗu da ɗayan ruwan a leɓena, na bar su, ban share ba. Na danna maɓallan a hankali:

"Ka zo ka tsaya inda zan fara buɗe ido, sai ka gani da kanka."

Na hau kan turmin da aka kifa domina, na ɗaga wayar sama har saƙon ya tafi.